Haika Grossman, yarinyar da ta riƙa komawa cikin geto



Ana gab da fara Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu suke kira Yaƙin Hitila, wata yarinya Bayahudiya a ƙasar Foland ta sami abin da dubban mutane suke nema ido rufe. Jami'ar Ibraniyawa da ke Urushalima ta ba ta gurbin karatu, gurbin kuma ya zo da izinin shiga ƙasar. A lokacin Turawan Ingila ne suke mulkin Falasɗinu, sun kuma tsuke ƙofa ƙwarai. A watan Mayu na 1939 suka yanke cewa Yahudawa 75,000 kaɗai za a bari su shiga cikin shekara biyar, alhali a Foland kaɗai akwai Yahudawa fiye da miliyan uku. Takardar tana hannun yarinyar nan. Sai shugabannin ƙungiyar matasan da take ciki suka ce mata ta dakata, akwai aiki a gida. Ta dakata. Sunanta Haika Grossman, ba ta kuma cika shekara 20 ba.

An haife ta ranar 20 ga Nuwamba, 1919, a Biyalistok, wani birnin masaƙu a arewa maso gabashin Foland, inda kusan rabin mutanen gari Yahudawa ne. Gidansu masu rufin asiri ne. Tun tana ƙarama ta shiga ƙungiyar Hashomer Hatzair, wato Matashi Mai Tsaro. Kada mu ɗauka ƙungiyar ibada ce. 'Yan gurguzu ne, yawancinsu sun bar zuwa majami'a, burinsu su koma ƙasar kakanninsu su yi noma da hannunsu. Amma tsarinsu ba zai zama baƙo gare mu ba: ƙananan rukunoni, zango a daji lokacin hutu, waƙoƙi, karatu da muhawara har dare, shugaba kuma yaro ne da ya girme ka da shekara biyu ko uku. Kowa ya san gidan kowa, ya san uwar kowa. Sa'ad da yaƙi ya rushe jam'iyyu da ofisoshin manya, waɗansu shugabanni suka gudu, waɗansu aka kashe su, wannan sanayya ta yara ita ce ta rage a tsaye. A zamanin da kalma ɗaya a kunnen da bai dace ba takan jawo mutuwa, su suna da mutanen da za su iya ba amana a kowane gari.

Ranar 1 ga Satumba, 1939, Jamus ta faɗa wa Foland daga yamma. Ranar 17 ga watan Tarayyar Sobiyet ta shigo daga gabas, suka raba ƙasar kamar naman layya. Haika ta koma Vilna, babban birnin Lituwaniya na yau, inda matasan ƙungiyoyi suka taru suna neman hanyar fita. Ba a jima ba Sobiyet ta haɗiye Lituwaniya. Sa'an nan ranar 22 ga Yuni, 1941, Hitila ya juya wa abokin cinikinsa baya ya kai wa Sobiyet hari. Cikin kwana biyu sojojinsa suna Vilna. Ranar 27 ga Yuni suka shiga Biyalistok, garin su Haika, suka cusa ɗaruruwan Yahudawa cikin babbar majami'ar garin, suka rufe ƙofofi, suka sa wuta.

Bayan garin Vilna, tafiyar kilomita goma, akwai wani kurmi da ake kira Ponari. Sojojin Sobiyet sun haƙa manyan ramuka a wurin don su binne tankunan mai, ba su gama ba yaƙi ya kore su. Daga watan Yuli na 1941 'yan Nazi da mataimakansu 'yan ƙasa suka fara kwasar Yahudawan Vilna zuwa can, ana ce musu aiki za su. A bakin ramukan ake harbe su. Kafin yaƙi ya ƙare an kashe mutum wajen 100,000 a wurin, kimanin 70,000 daga ciki Yahudawa. Jifa-jifa wata mace da harsashi bai gama da ita ba takan rarrafo daga ƙarƙashin gawawwaki da dare, ta dawo gari ta faɗi abin da ta gani. Mutane sukan ce ta haukace. Ba taurin kai ba ne. Wane ne zai yarda cewa gwamnati, da malamanta da takardunta, ta shirya kashe kabila ɗungum, har da jarirai, ba don wani laifi ba?

A nan ne labarin ya ratsa ta ƙofar ikkilisiya. Kusa da Vilna akwai wani ƙaramin gidan sistocin Katolika na ɗarikar Dominikan. Shugabarsu, Anna Borkowska, ta buɗe ƙofa ta ɓoye matasa 17 na ƙungiyar su Haika, ita ma Haika tana cikin waɗanda suka sami mafaka a wurin. Suka riƙa aikin gona tare da sistocin, suna kiran shugabar da Ima, wato Mama da Ibrananci. Hukuncin ɓoye Bayahude a lokacin kisa ne. Daga baya, da matasan suka koma cikin gari, wannan baiwar Allah ce ta kai musu gurnetin farko da suka mallaka. A 1943 aka kama ta, aka rufe gidan. Ta rayu, a 1984 kuma Isra'ila ta karrama ta.

Muna son irin wannan labari, ya kuma kamata mu so shi. Amma gaskiya ba ta tsaya nan ba. Nahiyar da aka yi wannan kisa a cikinta cike take da ikkilisiyoyi, an kuma yi ɗaruruwan shekaru ana wa'azi daga bagade cewa Yahudawa ne suka kashe Almasihu, la'ana kuma tana kansu. Masu harbi a Ponari yawancinsu an yi musu baftisma. A garin Jedwabne, ba nisa da Biyalistok, maƙwabta ne suka ƙone Yahudawan garinsu a cikin rumbu ranar 10 ga Yuli, 1941. A wannan ƙasa ta Foland ɗin dai, fiye da mutum 7,000 aka tabbatar sun sa ransu a haɗari don ceton Yahudawa, fiye da kowace ƙasa. Duka biyun sun faru, wani lokaci a kan titi ɗaya.

A gidan sistocin nan ne wani saurayi mai suna Abba Kovner ya haɗa labaran da suke ji ya kai ga abin da ba wanda ya taɓa furtawa: abin da ake yi a Ponari ba fushin rana ɗaya ba ne, shiri ne na shafe dukan Yahudawan Turai. A daren shiga shekarar 1942 ya karanta wa matasa kira a cikin geton Vilna. Geto ita ce unguwar da 'yan Nazi suke zagayewa da shinge ko katanga, su cusa dukan Yahudawan gari a ciki, su sa masu gadi a ƙofa. Kiran ya ce kada su bari a kora su kamar tumaki zuwa mayanka, hoton da duk mai karanta Zabura 44 da Ishaya 53 ya sani. Ranar 21 ga Janairu suka kafa ƙungiyar yaƙi. Sai dai kowace geto tsibiri ce. Ba wasiƙa, ba rediyo, ba izinin hawa jirgin ƙasa. Wa zai kai wa sauran labari?

Haika tana da abin da ake bukata. Gashinta da fuskarta irin na 'yan Foland ne, tana kuma jin harshensu kamar ta sha a nono. Aka yi mata takardun jabu da suna Halina Woronowicz, 'yar Katolika. Mu tsaya a nan kaɗan, gama wannan ce ƙofa ta biyu da aka buɗe mata. Da takardar nan da fuskar nan, tana iya samun aikin aikatau a wani gida mai nisa, ta yi shiru, ta jira yaƙi ya wuce. Waɗansu sun yi haka sun tsira, ba kuwa mai hankalin da zai zarge su. Ita sai ta mai da takardar fita ta zama takardar shiga.

Masu irin wannan aiki ana kiransu kashariyot, daga kalmar Ibrananci mai nufin haɗawa, kuma kusan dukansu 'yan mata ne. Dalili na farko, kaciya. A Turai ta lokacin kusan Yahudawa kaɗai suke yi, saboda haka ɗan sanda ba ya bukatar dogon bincike in ya kama namiji. Na biyu, gidaje da yawa sukan kai yara maza makarantar addini inda ake magana da Yidish, su kai mata makarantar gwamnati, sai ya zama 'yan matan ne suka iya harshen Foland ba gargada. Abin da aka yi don ba a ɗauki karatunsu da muhimmanci ba, shi ya zama makaminsu.

Amma harshe kaɗai bai isa ba. Dole ta iya addu'o'in Katolika, ta san lokacin da ake durƙusawa, ta yi alamar gicciye in an wuce ikkilisiya ba tare da ta yi tunani ba. Dole ta zauna a jirgi kusa da soja, ya yi ba'a a kan Yahudawan da ake kwashewa, ita ma ta yi dariya. Waɗanda suka yi aikin sun ce idanu ne suka fi tona mutum, gama baƙin ciki ba ya ɓoyuwa, akwai kuma 'yan iska a tashoshi da sana'arsu ke nan, su gane Bayahude su tatse shi ko su miƙa shi. Ga iyakoki: Vilna, Biyalistok da Warso kowanne yana ƙarƙashin mulkin Jamus dabam, da shinge da masu duba takardu a tsakani. A jikinta ko cikin jakarta akwai wasiƙu, kuɗi, jaridun ɓoye, takardun jabu na waɗansu, daga baya har ƙananan bindigogi. In ta isa gari sai ta jira yamma, ta manna tauraron nan rawaya da aka tilasta wa Yahudawa sawa, ta saje da ma'aikatan da ake korowa gida, ta shige geto. In za ta fita ta cire. A waje tauraron zai kashe ta, a ƙofa kuma rashinsa zai kashe ta. Wanda ya tuna da Hadassa da ta zama Esta a fadar Farisa bai yi kuskure ba, sai dai Esta sau ɗaya ta shiga gaban sarki ba a kira ta ba. Waɗannan kowane mako suke shiga.

Da yawa ba su dawo ba. An kama Lonka Kozibrodska a tashar iyaka a 1942, ta mutu a Auschwitz. Tema Schneiderman ta shiga geton Warso a Janairun 1943 aka rutsa da ita aka kai Treblinka. Frumka Plotnicka ta mutu da bindiga a hannu a garin Bendin a Agustan 1943. Masanin tarihi Emanuel Ringelblum, wanda ya binne takardun geton Warso a cikin akwatuna da garewanin madara don duniya ta sani, ya ambaci Haika da Frumka da suna a littafin ajiyarsa tun 1942, yana mamakin ƙarfin halinsu.

Abin da ya fi ciwo shi ne, kaya mafi nauyi da Haika ta ɗauka ba a karɓa ba. Ta kai labarin Ponari har Warso. Manya suka saurara, da yawa suka ce wannan a can gabas ne, inda Jamusawa suke huce haushinsu a kan waɗanda suka zauna ƙarƙashin 'yan gurguzu, ba zai faru a babban birni a idon duniya ba. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, amma in ba ruwan a kusa, mutum yakan gwammace ya ce ba wuta ba ce. Ranar 22 ga Yuli, 1942, aka fara kwasar mutanen geton Warso. Kafin ƙarshen Satumba an kai kimanin 265,000 Treblinka.

A farkon 1942 aka tura Haika garinsu. Geton Biyalistok tana da mutum wajen 50,000, kuma a lokacin ta fi sauran zama lafiya. Dalilin zaman lafiyar wani mutum ne, injiniya Efrayim Barash, wanda yake riƙe da majalisar da Jamusawa suka naɗa ta gudanar da geto. Lissafinsa mai sauƙi ne. Sojan Jamus yana bukatar riga da bargo da takalmi. In geto ta zama masana'antar da ba za a iya yi ba sai da ita, ba za a yanka saniyar da ake tatsa ba. Ya cika unguwar da masaƙu da wuraren ɗinki, yana ba manyan Jamusawa toshiya, yana ƙirga watanni har Rasha ta iso.

Yana da sauƙi a yau a kira Barash maci amana. Ban yarda ba. Mutumin ya san abin da ake yi a Treblinka, ya zauna da matasan nan ya saurare su, har ya ba su kuɗi a ɓoye. Abin da yake roƙonsu shi ne kada su harba harsashi da wuri su jawo wa dubbai mutuwa. Gaba kura, baya siyaki: in ya ba da dubu goma wataƙila dubu arba'in su rayu, in ya ƙi a kwashe duka yau. Kuma lissafinsa bai yi nisa da cin nasara ba. Sojojin Rasha sun shiga Biyalistok wata goma sha ɗaya kacal bayan an rushe geton. Kuskurensa ɗaya ne, ya ɗauka abokin gabansa ɗan kasuwa ne mai neman riba. Su Haika, yaran da ba su taɓa riƙe ofis ba, su ne suka gane cewa mutanen nan sun fi son gawar Bayahude da bargon da zai saƙa.

Su ma matasan ba tsarkaka ba ne a wannan fage. Sun rabu gida biyu, 'yan gurguzu da abokansu a gefe ɗaya, sauran 'yan kishin Sihiyona a ɗaya gefen, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa 'yan bindigoginsa. Suna kuma gardama a kan wata tambaya mai wuya: a gudu daji a haɗu da 'yan sari-ka-noƙe, inda ake iya rayuwa a kuma yi wa abokin gaba ɓarna ta gaske, ko a tsaya a mutu tare da iyaye da ƙanne? Rubutaccen bayanin wani taronsu na 27 ga Fabrairu, 1943, ya tsira, domin Mordekai Tenenbaum ya tattara takardu ya sa aka binne a wajen geto. A ciki ana ganin yara masu shekara ashirin da 'yan kai suna tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa yana faɗin irin mutuwar da ya zaɓa da dalilinsa. Ba su haɗa kai ƙarƙashin shugabanci ɗaya ba sai a Yulin 1943, saura 'yan makonni komai ya ƙare. Tenenbaum ya zama shugaba, Daniyel Moszkowicz mataimaki.

Kafin nan sun riga sun ɗanɗana. Daga 5 zuwa 12 ga Fabrairu, 1943, Jamusawa suka kwashe kimanin mutum 10,000, suka harbe ɗaruruwa a tituna da cikin gidaje. Wani mai suna Yitzhak Malmed ya watsa wa ɗaya daga cikinsu ruwan batir a fuska. Aka tara mutum 100 aka harbe a madadinsa, aka ce za a ƙara in bai fito ba. Ya fito da ƙafarsa, aka rataye shi. Wannan shi ne farashin da Barash yake tsoro, ba kuwa tatsuniya ba ce.

Daren 15 ga Agusta aka kewaye geton. Da gari ya waye ranar 16 ga wata, sanarwa tana manne a bango: kowa ya fito da kayansa, za a mai da su Lublin aiki. Mutane suka fito da ƙunshinsu, dubbai, suna bin juna. Jamusawa sun koyi darasi daga tawayen geton Warso na watan Afrilu, inda dogayen gidajen bulo suka zama wa mayaƙa garkuwa. A Biyalistok sai suka tara jama'a a gefen da yake da gidajen katako da lambuna da fili. Mayaƙan 'yan ɗaruruwa ne, yawancinsu ba bindiga, sai gurnetin gida da kwalaben fetur da gatura. Shirinsu shi ne su fasa shinge ta titin Smolna, su yi kira jama'a su ruga daji, ko da kashi ɗaya cikin goma ne ya kai. Suka buɗe wuta, suka cinna wa masana'antu wuta, suka yi ta kira. Jama'a ba su bi ba. Uwa mai goyo da tsoho mai sanda ba sa ruga wa bakin mashinga, ga kuma kalmar nan ta aiki da aka rataya musu a gaba. Kafin la'asar motoci masu sulke sun murƙushe yawancin mayaƙan. Waɗanda suka rage suka riƙa fitowa daga ramuka da dare har kwana huɗu ko biyar. Ranar 19 ga wata aka gano mutum wajen 70 a wani rami a titin Chmielna, aka harbe su. Tenenbaum da Moszkowicz ba su fita da rai ba. Barash kansa aka kai shi sansani a yankin Lublin, aka kashe shi a Nuwamba.

Yara kimanin 1,200 aka ware daga iyayensu aka kai sansanin Theresienstadt. A watan Oktoba aka ɗora su a jirgi zuwa Auschwitz tare da manya 53 masu kula da su, a ciki har da Ottla, ƙanwar marubucin nan Franz Kafka. Ba wanda ya dawo.

Haika ta yi yaƙi a ranar farko, ta kuma sami sulalewa ta fita. Yanzu ba sauran geto da za a koma, ba wanda zai ce ta gaza in ta nemi lungu ta ɓuya. Ta sake zama Halina, ta zauna a cikin garin da kowane lungu zai iya fito da wanda ya san ta tun tana yarinya. Ita da 'yan mata kaɗan da suka rage, irin su Hasiya Bielicka, Liza Czapnik da Bronka Klibanski, suka zama igiyar da ta haɗa gari da 'yan sari-ka-noƙen da ke kurmi. Suna kai magani, abinci, makamai da labarin inda sojojin Jamus suka ja daga, suna kuma tsinto waɗanda suka diro daga jiragen mutuwa su kai su daji.

Abin mamaki, cikin masu taimakonsu har da Jamusawa. Otto Busse mai sana'ar fenti ne, ya taɓa riƙe katin jam'iyyar Nazi. Ya san 'yan matan da suke aiki a wurinsa Yahudawa ne, ya rufa musu asiri, har ya riƙa samo musu bindigogi da magunguna. Artur Schade, mai kula da wata masaƙa, ya ɓoye Yahudawa shi ma. Bayan yaƙi Busse ya yi shekaru a hannun Rasha a matsayin fursunan yaƙi. Matan da ya taimaka ba su manta da shi ba. Isra'ila ta karrama shi, har ya je ya zauna 'yan shekaru a Nes Ammim, wani ƙauyen Kirista a yammacin Galili, ba nisa da gidan Haika.

Ranar 27 ga Yuli, 1944, sojojin Sobiyet suka ƙwace Biyalistok. Daga mutum 50,000 na geton, 'yan ɗaruruwa ne suka rage. Haika ba ta cika shekara 25 ba.

Foland ta ba ta lambar yabo ta Gicciyen Grunwald, ta kuma yi aiki a kwamitin da yake kula da Yahudawan da suka tsira. Amma ƙasar ba ta zaunu ba. A Yulin 1946, fiye da shekara guda bayan an gama yaƙi, aka kashe Yahudawa 42 a garin Kielce. A 1948 ta yi tafiyar da ta ɗage shekara goma. Ta zauna a Evron kusa da Nahariya, a irin ƙauyen da suke kira kibuz, inda ake noma gandu ɗaya, a ci daga tukunya ɗaya. Ta auri Meir Orkin, suka haifi 'ya'ya mata biyu. Ta rubuta littafi a kan mutanen da ta yi gwagwarmaya da su, tun abin yana ɗanye a zuciyarta.

Ƙasar da ta zama mata mafaka, a shekarar nan ta 1948 ɗin ce Falasɗinawa kimanin 700,000 suka rasa gidajensu a cikinta, Musulmi da Kirista, har da ƙauyukan Galili da ke kewaye da inda ta sauka. Wannan rauni bai warke ba har yau. Jam'iyyarta, Mapam, ta 'yan hagu ce. Tana da hannu a kafa ƙasar da yaƙe-yaƙenta, ita ce kuma ta fara buɗe wa Larabawa ƙofar zama cikakkun 'yan jam'iyya a tsakanin jam'iyyun Sihiyona, ta yi adawa da mulkin soja da aka ɗora wa Larabawan Isra'ila har 1966.

A 1969 aka zaɓe ta zuwa Kneset, majalisar dokokin ƙasar mai kujera 120. Ta zauna har 1981, ta dawo daga 1984 zuwa 1988, ta kuma riƙe muƙamin mataimakiyar kakaki. Wanda ya san tarihinta zai zaci za ta nemi kwamitin tsaro ta riƙa jawabin yaƙi. Ba can ta sa ƙarfinta ba. Ta shiga aikin da 'yan jarida ba sa bi: dokokin kare yaran da rayuwa ta jefar, hana dukan yara, haƙƙin mata da na tsofaffi. Zaman kwamiti, gyaran sakin layi, lallashin abokin hamayya. A ganina wannan rabin rayuwarta bai kasa na farko nauyi ba, ko da yake ba shi da daɗin ba da labari. Wadda ta san yara 1,200 da ba ta iya cetowa ba, ta yi shekara goma sha shida tana rubuta doka saboda yaran da za a iya.

Akwai abin da ba zan ɓoye ba. Tana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata har aka yi dokar 1977 wadda ta halatta zubar da ciki bisa waɗansu sharuɗɗa, da izinin kwamitin asibiti. Jam'iyyun addini na Yahudawa sun yaƙe ta, har suka sa aka soke sashin da ya ba da izini saboda talauci bayan 'yan shekaru. Da yawa cikinmu ba za mu tsaya tare da ita a nan ba. Amma in muka goge wannan don ta yi kyau a bangonmu, mun sake yi mata takardar jabu ke nan.

A 1993 aka zaɓe ta ta kunna ɗaya daga cikin wutace 12 da ake kunnawa a Dutsen Herzl a Urushalima daren bikin 'yancin kai. Bayan bikin ta tafi wata liyafa a Abu Gosh, wani ƙauyen Larabawa a kan hanyar Urushalima. A can ta zame a matakala ta faɗi, ta bugu a kai. Ta yi shekara uku cikin doguwar suma ba ta farfaɗo ba. Ta rasu ranar 26 ga Mayu, 1996, tana da shekara 76.